Katangar da Ba Ta Tsare Komai

Mun bar motar Kawu Fintan a gindin tudu,
ƙarfe bakwai, ko hankaka bai yi kuka ba.
Duwatsun Burren sun ja mayafi sun rufe fuska,
taku goma sai ka nemi ɗan'uwanka ka rasa,
sai tarin tsoho, sai ƙwanƙwasar sanda.

Hazon nan ruwa ne da ya ƙi zuba,
ya tsaya a iska yana lasar gashin ido.
Teku na can hagu, ana jin numfashinta,
wayata ta ce ba ta san inda muke ba.
Kawu ya yi dariya har da riƙe ƙugu:
"Nuala, mai da ita aljihu.
Miƙo hannu nan. Kin ji? To bi ta."

Katanga ce, tsayinta bai wuce ƙirjina ba,
babu laka, babu siminti,
dutse ne ya jingina da ɗan'uwansa ya yi shiru.
An bar mata ƙofofi ƙanana kamar wushirya
don iska ta wuce ba tare da faɗa ba.
Gansakuka ta jiƙa mini tafi.
Muka hau, ita ma tana hawa.

Na ce, gonar wa ta raba da ta wa?
Nan ko akuya sai ta yi tunani.
Ya ce, ba ta kowa.
Na ce, to tumakin wa take tsarewa?
Ya tsaya ya goge gilashinsa da bakin riga,
ya daɗe yana gogewa.

"Shekarar da dankali ya ruɓe a cikin ƙasa,
ka tona kunya ka tarar da baƙin ruwa mai wari,
masu mulki suka ce kyauta tana lalata talaka,
wanda zai ci, sai ya yi gumi.
Aiki kuwa babu, sai aka ƙirƙiro shi:
ku ɗauki dutse daga nan ku kai can.
Da yamma a zuba maka kwabbai a tafi,
ka kai su ga mai garin masara,
ka dawo da abin da ba zai rufe gindin tukunya ba.

Kakan kakata, Manus, yana cikinsu.
'Yarsa Gobnait na da shekara sha ɗaya,
ita ke miƙa masa ƙananan, na cike gurbi.
Har ta tsufa, an ce, ba ta iya wuce tsakuwa
ba ta juya ta ta duba ta ina za ta zauna ba."

Na sa yatsa cikin wani gurbi.
Ga ƙaramin dutse, an danna shi da kyau.
Yunwa na cin mutum, amma ya ƙi yin aikin ha'inci,
wannan ne abin da ya tsaya mini a wuya.

Muka ci gaba, ba mai cewa uffan.
Wata saniya ta ɓullo daga farin duhu,
ta dube mu kamar mun zo cin bashi, ta ɓace.

Can kusa da ƙoli katangar ta yanke.
Ba kwana, ba ƙofa, ba dalili,
kamar mai magana da aka kira sunansa.
A gefe ga wani dutse kwance shi kaɗai,
an kawo shi har nan, ba a ɗora ba.

Na ajiye jaka na durƙusa.
Na ce bari in ƙarasa masa ko da guda.
Na ja, na sake ja, na sa gwiwa,
ni da na karya da ƙwai biyu da burodi da man shanu,
ko motsi bai yi ba.

Kawu ya zauna a kai, ya buɗe fulas.
"Bar shi," ya ce. "Shayi zai huce."